Gidan tarihin shokola a Jamus, ni kaɗai: in tahi ko in bari?

Ɗan Ader a Beljik:

Assalamu alaikum ƴan uwa na Tawa da na Yamai da duk mai karantawa. Ina gajiyarku, ya iyali. Mu nan sanyi ya sako mu gaba, kahin ƙarhe biyar na marece duhu ya riga ya rufe gari.

Shawara nike nema. Ina karatun aikin gona a Gembloux, kuma akwai wani muze, wato gidan tarihi, a garin Kolon na ƙasar Jamus, bakin gulbin Rhin, wanda babu komi cikinshi sai labarin shokola, tun daga iccen kakawo har zuwa lokacin da za a naɗe ta cikin takarda a kai kanti. Wani malaminmu ya ambace shi cikin darasin sarrafa amfanin gona kuma tun ranar abin ya tsaya mini a rai. Amma ba ni da abokin tahiya. Ƴan Nijar ɗin da muke tare, wani yana aiki ranar Asabar, wani kuma ya ce mini shi ba zai biya kuɗin jirgin ƙasa ya ƙetare iyaka don ya je kallon alawa ba.

Abin da ke riƙe ni na farko kuɗi ne, shiga kaɗai yuro goma sha wani abu ne, in ka buga da sefa 656 kowane yuro kusan jikka goma kenan, wato sefa 10,000, ban da jirgi ban da abinci, kuma duk wanda ke waje ya san in ka kashe jikka goma sai ka tuno da gida. Na biyun kuma shi ne ya hi damuna, kaɗaicin. Mu mun tashi ko hura ba a sha mutum ɗaya, balle a ce ka shirya ka tahi wurin da kowa ya zo da matarshi da ɗiyanshi kai kana zagaye kai kaɗai babu wanda za ka ce ma "dubi wancan". Sannan ban san ko abin da suke ba mutane su ɗanɗana ya halatta ba. Wanda ya taɓa zuwa ko ya taɓa zama waje ya shiga irin wuraren nan shi kaɗai, don Allah ya gaya mini gaskiya.

Tanti Yantala:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka tafi. Ni na yi zaman Liège lokacin da aka tura mu ƙarin karatu kuma ni ɗaya na je wurin nan, ban yi nadama ba ko kaɗan.

Hanyar ba wuya, daga Gembloux ka bi ta Namur ka zo Liège, daga Liège jirgi mai gudu kusan awa ɗaya ne zuwa Kolon, amma ka sayi tikiti tun da wuri ta intanet don in ka bari sai ranar tafiya kuɗin na ninkawa. Kana fitowa daga gar, wato tashar jirgin ƙasa, za ka ga babbar majami'ar garin a gabanka, ba ta ɓuya, ka gangara bakin ruwa ka bi gaɓa ka yi kudu da ƙafa, minti ashirin ma ba za ka cika ba za ka hango ginin, rabi tsohon gidan duwan (kwastan) ne rabi gilashi, a bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa. Ka riƙe katinka na ɗalibi ka nuna a wurin biya, ka riƙe takardar zamanka ta Beljik da faspo tunda ƙasa za ka canza.

Wani attajiri mai suna Hans Imhoff, mai kamfanin shokola na Stollwerck, shi ya buɗe wurin a 1993, daga 2006 kuma kamfanin shokola na Lindt ne ke tare da su, shi ya sa za ka ga sunan Lindt ko'ina. Ciki akwai ɗakin gilashi mai zafi da laima inda suka shuka kakawo na gaske, akwai ƙaramar masana'anta da injinan ke aiki a gabanka, kana ganin yadda ake niƙa, a cuɗa, a zuba a mazubi, a sanyaya, akwai kuma maɓulɓular shokola mai tsawon mita 3 inda ma'aikaciya ke tsoma biskit tana miƙa ma kowa. Wannan ita yara ke rububi. Amma kai da ke karatun gona ba ita za ta riƙe ka ba, tarihin ne zai riƙe ka. Mutanen Maya da Aztek na yankin Meziko tun da daɗewa suke shan kakawo, da ɗacinsa, har da barkono suke sawa, kuma ƙwayar ita ce kuɗinsu na kasuwa. Mutanen Sifen suka kawo shi Turai a ƙarni na 16 suka zuba sukari, ya daɗe yana abin shan masu hali kawai. Sai a 1828 gidan Van Houten a Holan suka fito da injin matse man kakawo, ka tsaya ka duba wannan da kyau don daidai yake da abin da iyayenmu mata ke yi da gujiya, a matse mai gefe guda tunkuza gefe guda, to tunkuzar kakawo ita ake niƙawa ta zama garin da muke damawa da madara, man kuma shi ake maidawa ciki don shokola ta daskare ta kuma narke a baki. Daga nan ne kamfanin Fry a Ingila ya yi ta farko da ake gutsura a 1847, Daniel Peter a Suwis ya haɗa ta da madara a 1875, Rodolphe Lindt kuma a 1879 ya ƙera injin da ke cuɗa ta awanni masu yawa har ta yi laushi babu tsaki-tsaki.

Yanzu maganar kaɗaici. Ɗana wannan karatun da na zayyano maka, da na je da ƙawaye da ban san ko rabinsa ba, don in kuna da yawa kullum akwai mai jin yunwa, akwai mai son hoto, akwai mai cewa mu yi sauri kar jirgi ya tafi. Kai kaɗai kana iya tsayawa gaban inji ɗaya har sai ka gane shi. Kuma can ba wanda zai dube ka, tsofaffi da ɗalibai da yawa su kaɗai suke yawonsu, ba abin magana ba ne a wurinsu. Ka je da safe suna buɗewa kafin iyalai su cika wurin, in da hali ma ranar aiki ta fi Asabar.

Rubutun bangon da Jamusanci da Ingilishi yake, mu ƴan Faransanci sai da taimakon waya, don haka ka cika batir. Batun halal kuma, shokola ita kanta kakawo ce da sukari da madara, inda za ka yi hattara shi ne masu cike a ciki don wasu da giya ake cika su, da kuma alawa mai danƙo da ake sa ma jelatin. Ka juya bayan kwali ka nemi kalmar Alkohol, Likör, Rum, Gelatine, in ba ka gane ba ka tambayi ma'aikatan, suna amsawa ba tare da wani ɓacin rai ba. In ka fito ka nemi babban masallacin unguwar Ehrenfeld, yanzu da rana ke gajera azahar da la'asar kusa suke da juna, ga kuma gidajen abincin Turkawa birjik a garin.

Baba Na Subure:

Salamu alaikum. Ɗana ne ya karanta mini wagga magana, nac ce mai shi rubuta abin da za ni hwaɗi, ni ban iya taɓa wayar ba.

Yaro, ni ban san Jamus ba, amma kakawo na san shi. Na yi ci-rani Kuddubuwar (Côte d'Ivoire) shekaru da dama, da hwarko Abijan ina taya wani ɗan garinmu saida garba, abincin rogo da kihi, daga baya na koma garin Subure na kahwa tebur ina saida ma manoman kakawo sukari da sabulu da batir da ashana. Bawule da Mosawan Burkina su ag ga gonakin, mu Adarawa ciniki munka hi yi, amma duk wanda ya zamna can ya san aikin don rayuwar garin duka bisa gare shi take. In kakawo ya yi kuɗɗi kowa ya ji, in ya hwaɗi mai tebur ma sai shi ji.

Aikin ga ba wasa ba ne. Daga watan goma anka shiga babbar kaka, a bi icce ɗaya ɗaya a yanko ƴaƴan da sunka nuna, a tara su tsibi, a taru dangi da maƙwabta a zamna a hwasa da adda ko da kulki, a kwashe ƙwayar da hannu tana naɗe da wani abu hwari mai yauƙi da zaƙi. Sannan a zuba bisa ganyen ayaba a ruhe, shi kwana biyar shida shina zahi shina tsami, in ba a yi wanga ba ko an yi shokola ba ta da ƙanshi, haka manoman sunka gaya mini. Sannan a shanya ga rana kusan mako ana motsawa, ruwa ya taso a kwashe da gudu. Ya bushe a ɗura buhu, mai sikeli shi zo da mota shi auna shi biya, buhu shi kama hanyar San Pedro ko Abijan a sa jirgi. To daga nan manomi bai ƙara sanin labarinshi. Na zamna da tsohi waɗanda sunka tsuhwa cikin kakawo kuma shokolar kwali ba ta taɓa shiga gidansu ba, ba don ba su so ba, kuɗɗin guda ya isa cehwanen yini.

Saboda haka ni ina goyon bayan ka tahi, kuma aike na za ni yi maka. In ka shiga ka duba mini, shin sun nuna mutanen ga? Sun nuna hannun da ke hwasa kakawo, ko injinansu kaɗai sunka jera? Kuddubuwar da Gana su biyu ke bada hiye da rabin kakawon duniya, in gidan tarihi ya bada labarin shokola bai bada nasu ba to bai gama ba. Ka dubo ka zo ka gaya muna. Zancen kai ɗaya kuwa, mu da munka tahi kurmi wa ya raka mu? Allah shi kai ka lahiya.

Mai Albasa Galmi:

Ni dai abokina ra'ayina daban. Ba zan ɓoye maka ba, wurin da kamfani ke ɗaukar nauyinshi talla ce, za su zagaya da kai su ba ka ɗan biskit kyauta a ƙarshe hanyar hita ta bi da kai ta cikin kantinsu ka sake zazzage aljihu. In ka haɗa jirgi da shiga da abinci kana iya kashe abin da zai sayi buhun hatsi a Tawa. Ban ce haramun ba ne, kuɗinka ne, amma tunda ka tambaya.

In kuma dole sai ka je to kar ka je don shokola, kakawo ba ya hitowa a Ader. Ka je da tambayar da ta dame mu. Mu nan albasa muke nomawa wadda babu irinta, ana lodin ta zuwa Gana da Kuddubuwar da Benin da Togo, amma lokacin cira wajen watan uku da na huɗu kowa ya kawo tashi kasuwa lokaci ɗaya, kuɗi su faɗi ƙasa warwas, wanda ya zuba a rudu, rumbun da muke adana albasa, yana jiran tsada kuma kafin damina ta ƙare wani kaso ya ruɓe. Kai da ake koya ma sarrafa amfanin gona abin da muke jira daga wurinka kenan, yadda za a adana, yadda za a busar a niƙa a sa a kwali. In muze zai buɗe maka ido kan wannan to ban da ja.

Malama Wadata:

Mai Albasa, gaskiya ne akwai talla a ciki, amma tallar ma abin koyo ce. Ka lura Beljik da Jamus da Suwis ko icce ɗaya na kakawo ba ya fita a gonakinsu, amma duniya ta san su da shokola, saboda sun iya sarrafawa kuma sun iya ba da labari. A Bruges ta Beljik ma akwai gidan tarihin soyayyen dankalin turawa sukutum, an buɗe shi a 2008, dankalin da asalinsa daga Peru yake. A Vevey ta Suwis akwai na abinci gaba ɗaya tun 1985.

Ni malamar makaranta ce, ina kai ɗalibaina muze Boubou Hama nan Yamai, wanda yake nan tun 1959. Suna ganin namun daji, ƙasusuwan dinozor, iccen Tenere, tufafin gargajiya, maƙera da masaƙa da dukawa suna aiki, suna murna sosai. Amma kullum in mun fito sai in ji da ma akwai babban zaure guda na cimarmu kawai. Yaran Yamai da yawa yanzu ba su taɓa ganin yadda ake sussuka da casa da surfe ba, sun san fura a roba cikin firijo amma ba su san hanyar da hatsi ya biyo ba. A nuna musu yadda ake shanya kilishi a tsoma shi cikin labu, yadda matan Abalak da Cintabaradan ke yin cuku, yadda ake kwafto da dambun zogale, irin hatsi da dawa da wake da kakanni suka adana, abin da mutane suka ci suka rayu a shekarun yunwa na 1973 da 1984. Wannan ɗin tarihi ne da ke bakin tsofaffi kuma suna tafiya da shi. Don haka ƙanena in ka je ka ɗauko mini hoton yadda suka tsara ɗakunan, ina suka sa rubutu, ina suka bar yara su taɓa da hannu, wannan nake so in gani.

Ɗan Ader a Beljik:

Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, na je na dawo lahiya. Tanti hanyar daidai yadda kika kwatanta.

Baba ga amsar aikenka. Sun nuna, akwai ɓangaren noma da girbi, da hotunan gonaki da ƴaƴan kakawo da buhuna, da bayani kan ƙarancin abin da manomi ke samu da kuma yaran da ake sawa aiki a gonaki. Ban ce sun ɓoye ba. Amma wurin nan mutane wucewa suke da sauri, inda ake cunkoso shi ne wajen injina da maɓulɓula. Ni na daɗe a can saboda maganarka tana kunnena, duk abin da ka hwaɗa na ganyen ayaba da shanya haka yake a bangon, sai dai kai ka hi su sanin wahalar. Abin da ya tsaya mini shi ne lissahi, a kakar 2023 jikka ɗaya gwamnatin Kuddubuwar ta yanke ma manomi kilo, cikin 2024 da kakawo ya haura dala 10,000 ta Amurka kowane tan a kasuwar duniya aka ɗaga zuwa 1,500 sannan 1,800, ni kuma ina tsaye cikin kantin wurin ina ganin ɗan kwali na giram 100 da kuɗinshi ya kai ko ya wuce na kilo guda a Subure.

Ɗakin gilashin ya burge ni sosai. Huren kakawo ƙanana ne ƙwarai kuma jikin gangar iccen suke hitowa ba a bakin reshe ba, ƴaƴan ma nan suke rataye, wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwari ne ke yi mai barbara, yana son inuwa da laima da ruwan sama wajen milimita 1,500 zuwa sama a shekara, mu kuwa Tawa 400 ma ba kullum muke samu ba. Mai Albasa ka yi gaskiya kanti ne ƙohwar hita, kuma ka yi gaskiya kakawo ba namu ba ne. Amma abin da na gani shi ne duk darajar tana cikin matakan da ke bayan gona, gasawa a zahi daidai, niƙa, auna laima, kwali mai kyau da suna da kwanan wata. Babu ɗaya cikinsu da ya hi ƙarhin albasar Galmi in an samu injin busarwa da wuta tsayayya, zan neme ka mu yi maganar rudu da kyau don ina tunanin in ɗora binciken ƙarshen karatuna a kai. Malama hotuna suna nan da yawa, zan turo miki.

Kaɗaicin kuma ba zan ce bai zo ba. Cikin muze ban ji shi ba sam, hankalina na kan karatu. Sai da na hito na zauna cin abinci wurin Turkawa, kwano ɗaya cokali ɗaya, nan ne ya taso mini. Na kira Inna ta WhatsApp na nuna mata gulbin da gadar da abin da na sayo, ƙannena suka taru kan wayar kowa na cewa a kawo mai nashi. To Tanti ga wata tambayar, yaya ake kai shokola Tawa ba ta narke ba?

Tanti Yantala:

Madalla ɗana, Allah ya yi albarka. Shokola tana fara sakin jiki tun zafi bai kai na jikin mutum ba, wajen digiri 30 zuwa 34 ta narke, don haka in hutunka ya faɗo watan huɗu ko na biyar kar ma ka wahalar da kanka, kafin ka fita filin jirgin Yamai ta zama kunu. Ka bari sai lokacin ɗari, watan sha biyu ko na ɗaya. Ka sayi baƙar mai kakawo da yawa don ta fi mai madara da fara jure zafi, amma yara sun fi son mai madara saboda baƙar da ɗaci, sai ka haɗa. Kar ka ɗauki masu cike a ciki. Ka naɗe kowace cikin leda sannan ka cusa tsakiyar tufafi a jakar hannu, in ka kwana Yamai ka sa a firijo cikin ledarta a rufe, kuma a bas ɗin Tawa kar ka yarda a sa jakar a ƙasa wajen kaya kusa da inji, tafiyar fiye da kilomita 500 ce ta Doso da Dogonduci da Ƙonni, ka riƙe ta a ƙafarka inda sanyin kilim, na'urar sanyaya mota, ke kaiwa. In kun buɗe kun ga ta yi fari-fari a sama ba lalacewa ta yi ba, man kakawon ne ya taso ya sake daskarewa, a ci abinta. Kuma ka ware ma Baba Na Subure nasa kwalin daban, ɗansa ya turo maka kwatancen gidan.